Zaɓen Taya ga Motar Ɗaukar Amfanin Gona: Siririya ko Mai Faɗi?

Idan a-kori-kura ta kafe da kwandunan tumatir a hanyar fadama, wuni ɗaya cikin rana ya isa ya karya darajar kayan. Saboda haka, kafin ka sayi taya, fara da duba irin hanyar da motar ta fi bi.

Faɗin taya a rubuce yake a jikinta. Wadda aka rubuta wa 7.50R16 faɗinta inci bakwai da rabi ne, wajen santimita 19, ita ce siririya. Mai 265/70R16 kuwa faɗinta milimita 265 ne. Lamba 16 girman rim ne a inci.

Abin lura shi ne abin da ke ƙarƙashin taɓo. A hanyar jan ƙasa ko marmara, ruwan sama yakan jiƙa sama kawai ya bar ƙasa da tauri. A nan siririyar taya ta fi, domin nauyin mota yana taruwa a ɗan wuri, sai ta yanka taɓon ta kama ƙasa mai ƙarfi. Mai faɗi takan hau bisa taɓon tana santsi, musamman in laka ta cika zanenta. Siririya kuma ta fi dacewa da ramin da tayoyin wasu motoci suka bari, ba ta da nauyin juyawa, kuma ba ta cin mai sosai. Ga mafi yawan hanyoyin karkara da damina, ita muke ba da shawara.

Amma inda ba tauri a ƙasa, kamar rairayin arewacin Yobe ko fadamun shinkafa na yankin Bida, duk haƙan da siririya ta yi nutsewa take ƙara yi har cikin mota ya zauna. Nan mai faɗi ake so, domin tana baza nauyi. Haka ma in mota za ta shiga cikin gona: ba ta danne ƙasa sosai, kuma dannanniyar ƙasa tana hana ruwa shiga da saiwa yaɗuwa.

Direbobi da yawa sukan manta da iska. Rage ta a rairayi yana ƙara tsawon wurin da taya ke taka ƙasa, har siririya ma ta wuce. Sai dai kada a rage da yawa in akwai lodi, a tafi a hankali, a kuma mayar da iskar kafin a hau kwalta, in ba haka ba taya ta yi zafi ta fashe.

Malamin gona ya tunatar da manoma cewa buhu goma na masara masu kilo 100 tan ɗaya ne, kusan iyakar ƙarfin irin wannan mota. A duba nauyin da aka rubuta a jikin taya, kuma a sa iri ɗaya, girma ɗaya, a ƙafafu huɗu.