Yadda Ake Kiwon Doki Har a Ci Moriyarsa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Kudu ranar Hawan Daushe, ya ga dawakan hakimai sun sha ado tun daga goshi har gindin wutsiya, da wuya zuciyarsa ba ta raya masa shi ma ya kafa turke a gida ba. Sha'awar ba laifi ba ce. Hawan nan na Kano ne hukumar UNESCO ta sa cikin jerin al'adun duniya a 2024. Sai dai hawan Sallah, ƙarama da babba, 'yan kwanaki ne. Sauran shekara doki yana barga, yana ci yana sha, kofatonsa na tsiro, kaska na neman jininsa. Kiwon doki shi ne hidimar wannan sauran shekarar.

Mataki na farko: fara da bargar wani

Kafin ka sayi ko da ragama, nemi barga mai tsabta ka roƙi murin da ke kula da ita ya karɓe ka. Kwashe kashi, ɗebo ruwa, goge jiki, ɗaga kofato, ka yi ta yi har wasu watanni. A nan za ka san ba a zuwa wa doki ta baya shiru, kuma in ya kwantar da kunnuwa to cizo ko harbi na tafe. A nan kuma za ka san kamannin lafiyayyen doki, don wanda bai san lafiya ba ba zai gane ciwo ba. Zafin jikinsa digiri 37.5 zuwa 38.5 ne. Bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, ana jin sa da yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi. Numfashi 8 zuwa 16. Dasashinsa ja-ja ne mai danshi. Sayi ma'aunin zafi ka ajiye.

Mataki na biyu: shirya masauki

Rumfa mai inuwa da iska, kimanin mita uku da rabi kowane ɓangare, daɓen ya ɗan gangara don fitsari ya wuce. Sa kwami na abinci da na ruwa. Kada ka zuba masa abinci a ƙasa, domin yashin da yake haɗiya tare da hatsi taruwa yake yi a hanji. Tsince leda daga duk inda bakinsa zai kai.

Maganar turke kuwa, al'adarmu ce, amma ɗaure doki da ƙafa dare da rana zalunci ne da muka saba da shi har muka daina gani. Dabba ce da Allah ya halitta tana tafiya tana kiwo yawancin yini. In ba ka da filin da za ka sake shi, to kilisa safe da yamma ta zama dole, kuma a naɗe igiyar da tsumma mai laushi, a riƙa sauya ƙafa.

Mataki na uku: saye

Kada ka yi cinikin biri a sama. Hoto da bidiyon waya ba sa nuna ɗingishi. Ko kasuwar Maigatari za ka ranar Alhamis, ko bargar wani a cikin gari, tafi da wanda ya san doki kuma ba shi da la'ada a cinikin.

Fara da baki. Haƙoran gaba guda biyu na tsakiya suna famfara a shekara biyu da rabi, na kusa da su a uku da rabi, na gefe a huɗu da rabi, a shekara biyar baki ya cika. Sannan shafa ƙafafu huɗu daga gwiwa zuwa kofato, kana neman zafi ko kumburi. Sa a ja shi da sassarfa a kan ƙasa mai tauri, ya tafi ya dawo. In ƙafar gaba ce ke ciwo za ka ga yana ɗaga kai duk lokacin da ta taka ƙasa. Sa a cire sirdi ka duba gadon baya, don gyambo a ƙarƙashin jalala yake ɓuya. Daga nan a hau shi a gabanka.

Akawal ne, kili ne, danda ne, wannan sha'awar ido ce, bar ta a ƙarshe. Dokin farko ya zama mai shekara 7 zuwa 12, wanda ya ga duniya ya natsu. Sabon mahayi da ɗanyen ingarma haɗari ne ga su biyun. In ka kawo shi gida, ware shi daga sauran dawaki na mako biyu zuwa uku, kana auna zafinsa kullum.

Mataki na huɗu: ciyarwa

Nan ne yawancin dawaki ke mutuwa, kuma yawanci a hannun masu ƙaunarsu. Tumbin doki ƙarami ne, ba ya tuƙa, ba ya kuma iya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Saboda haka ƙa'idar ita ce kaɗan-kaɗan, sau da yawa, kuma ciyawa ce tushe, hatsi ƙari ne.

A yini doki na bukatar busasshen abinci kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyinsa. Dokinmu na gida mai kilo 350 zai ci wajen kilo 7, kuma mafi yawan wannan ya zama ciyawa da harawar wake ko ta gyaɗa. Gero ko dawa gwargwadon aiki ne. Wanda ke kilisa kawai kilo ɗaya zuwa biyu ya ishe shi, a raba sau biyu ko uku. Dusa tana da amfani, amma ciyar da ita zalla na tsawon lokaci yana zuƙe sinadarin ƙashi har fuskar doki ta kumbura, ƙasusuwa su yi laushi. Harawa ce ke daidaita wannan. Ajiye masa gishirin lasa. Kanwa kuma kaɗan.

Ruwa lita 25 zuwa 45 a yini, da bazara ya fi haka. Ya kasance a gabansa ko da yaushe.

Akwai abubuwan da ba sa shiga bakin doki ko kusa: hatsi ko harawar da ta yi fumfuna, gyauron dawa ɗanye, da abincin kajin gona, domin wasu magungunan da ake cakuɗawa a ciki suna kashe doki ta zuciya. Duk wani sauyin abinci, har da komawa ɗanyar ciyawa da faɗuwar damina, a yi shi a hankali cikin kwana 7 zuwa 10.

Ina roƙon masu dawaki su daina abin da ake yi in Sallah ta matso, wato a ɗura wa doki gero ba ƙaƙƙautawa cikin mako biyu don ya yi ƙiba da sheƙi. Hatsin da ya yi yawa ruɓewa yake yi a hanji, ya kawo ciwon ciki ko zafin kofato, wanda ke iya gurgunta doki har abada. Haka kuma dokin da ya sha hatsi yana ɗaure, aka fito da shi kwatsam aka yi ta sukuwa, naman cinyarsa kan sandare, fitsarinsa ya yi baƙi. Shirin Sallah wata biyu ne ko uku, ana ƙara aiki ana ƙara abinci tare. Ranar da ba zai fita ba, rage hatsi.

In ka ga yana tonon ƙasa da ƙafar gaba, yana waiwayen cikinsa, yana kwanciya yana tashi, yana gumi, ya ƙi abinci, to ciwon ciki ne. Kwashe abincin, zagaya da shi a hankali, kira likita nan take. Kada a ɗaga masa kai a ɗura masa jiƙo ko mai da ƙarfi, don in ya bi hanyar huhu an ƙara masa wata cutar.

Mataki na biyar: kofato, kaska da likita

Kullum a ɗaga kofato a fitar da tsakuwa da kashi, a yanke shi duk mako 6 zuwa 8. Goge jiki kullum shi ne damar ganin kaska a gindin wutsiya, cikin kunne da tsakanin cinyoyi. Kaska ce ke kawo zazzaɓin da ke sa idon doki ya yi rawaya, ya rame. Amma kula: maganin wankan shanu mai sinadarin amitiraz guba ne ga doki. Tambayi likita kafin ka fesa komai. Shi zai tsara maka maganin tsutsar ciki, ya duba turamen haƙora sau ɗaya a shekara, ya yi rigakafin tetanas, ciwon sandarewar jiki da ke shiga ta rauni, wanda doki ya fi yawancin dabbobi saurin kamuwa da shi. Ga manyan matsaloli akwai asibitocin koyarwa na dabbobi a jami'o'in Zariya, Sakkwato da Maiduguri. Riƙe lambar likita tun kafin ka bukace ta.

Mataki na shida: horo

Doki yana koyo ne daga sassauci. Ka ja ragama kaɗan, da ya motsa ƙafa ɗaya zuwa gare ka sai ka saki nan take. Sakin nan shi ne ke gaya masa ya yi daidai. Wanda ya ci gaba da ja bayan doki ya bi, ya koya masa cewa biyayya ba ta da amfani. Duk horon doki a kan wannan yake, tun daga ja har zamiya.

Dukushi a saba masa da hannu tun yana bin uwa: shafa, sa ragama, ja, ɗaga ƙafa. A shekara biyu a koya masa zagaye a kan doguwar igiya, ya san muryar tafi da ta tsaya, a ɗora masa sirdi ba mahayi, a ja majayi a hankali. A shekara uku mara nauyi ya hau shi na ɗan lokaci. Aiki mai ƙarfi sai ya kai biyar, don ƙashin bayansa ne ke ƙarshen ƙwari. Darasi minti 15 zuwa 20 ya wadatar, a tsaya a inda ya yi abin kirki.

Dokin hawa kuma sai ya saba da abin da zai tarar. Kai shi inda ake kiɗa ya ji daga nesa, gobe a matsa kusa. Haka algaita, kakaki, lema, ƙarar bindiga da cunkoson jama'a. Ranar Sallah ba ranar gwaji ba ce.

Linzaminmu na gargajiya mai zobe yana da kaifi ƙwarai. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa. A hannun yaro mai son burgewa kuwa, shi ne kumfar jinin da muke gani a bakin dawaki, abin da bai kamata ya zama ado a idon kowa ba. Yi horo da linzami mai laushi mai gaɓa a tsakiya, kuma koya wa mahayi riƙo kafin ka miƙa masa mai zobe.

Mataki na bakwai: barbara da haihuwa

Kada ka shiga wannan sai ka ƙware a sauran. Goɗiya ta kai shekara uku zuwa huɗu, lafiyayya, mai kyan ƙafa da hali, domin ɗa yana ɗaukar halin uwa. Ingarma kuma a dubi 'ya'yansa, ko ɗan Sudan ne ko ɗan Borno. Goɗiya na neman namiji kusan duk kwana 21, na tsawon kwana 5 zuwa 7, kuma ƙwai na fita ne dab da ƙarshe, saboda haka ana haɗa su yau, a tsallake gobe, har ta ƙi. A yi da ragama a hannun mutum biyu, don harbinta na iya karya ingarma.

Ciki wata 11 ne, wajen kwana 340. Barbarar watan Yuli za ta kawo haihuwa a Yuni, daidai fitowar ciyawa. A ƙara mata abinci a wata ukun ƙarshe. Yawanci da dare take haihuwa, kuma da sauri: in faya ta fashe, ƙafafun gaba biyu da hanci su bayyana, cikin minti 30 a gama. In ya wuce haka, kira likita. Ɗan ya miƙe cikin awa ɗaya, ya sha dakashi cikin awa biyu, mabiyiya ta faɗo cikin awa uku. Kada a ja ta da hannu. A tsoma cibiya a ruwan aidin. Yaye a wata 5 zuwa 6.

Mataki na takwas: mayar da shi sana'a

Sayi littafi. Rubuta abin da kowane doki ke ci a wata: harawa, hatsi, ruwa, albashin muri, yankan kofato, magani. Wanda bai san wannan adadi ba ba zai iya yanka farashin komai ba. Babbar ribar tana wurin sayen harawa da kaka tana araha, a ɗora a rumfa nesa da danshi, ta kai ka damina.

Haya don hawan Sallah, angwanci, saukar karatu da naɗin sarauta tana kawo kuɗi, amma ba abin jingina ba ce ita kaɗai. A 2020 annobar korona ta hana hawa, kuma hukumomi kan dakatar da kilisa a tituna. Abin da ya fi ɗorewa shi ne riƙe dawakan wasu a bargarka suna biya duk wata, da sayen ɗanye ka hore shi ka sayar, da koya wa yara hawa, da kuɗin barbara in kana da ingarma na gari. Taki ma masu lambu na saye. 'Yan folo kuma, a Kaduna, Kano, Zariya, Legas da Katsina, inda wasan ya kafu tun zamanin Sarki Dikko da ɗansa Usman Nagogo, suna neman doki mai saurin juyi da tsayawa, kuma ba su ƙin goɗiya kamar yadda masu hawan sarauta ke yi.

In za ka ba da haya, murinka ya bi dokin, a faɗi awoyi, a karɓi kuɗin ajiya, a rubuta wanda zai biya in an ji masa rauni. In kuma dokin wani za ka riƙe, takardar ta faɗi abin da zai ci, wa ke biyan magani, ta kuma ba ka izinin kiran likita da tsakar dare ko ba a samu mai shi a waya ba.