Darasin yau: 'yar kwamfuta mai gadin ɗumin 'yan tsaki



Hunturun bara gawayi ya mutu mini da tsakar dare. Da asuba na tarar 'yan tsaki sun cure a lungu, sun danne juna, na kwashe matattu. Shi ya sa na haɗa Raspberry Pi, kwamfutar da ba ta fi tafin hannu ba. Ga yadda ake yi:

1. Ku nemi ma'aunin zafi DS18B20. Mai bakin ƙarfe har ruwan tarwada yana shiga.
2. Wayar bayanai ta hau GPIO4, ku sa resisto 4.7k tsakaninta da 3.3V.
3. A raspi-config ku kunna 1-Wire, ku sake tayar da na'urar.
4. Manhajar da ke karanta awon ku yi mata fayil a /etc/systemd/system, ku sa Restart=always, sai systemctl enable. Ko an ɗauke wuta, tana dawowa za ta tashi da kanta.

Satin farko ana son digiri 32 zuwa 35. Tawa tana turo saƙo in ya sauka ƙasa da 30. Ku rataye ma'aunin daidai tsayin tsako, nesa da murhu. Ku haɗa batir kuma, yankewar wuta na lalata memori.

Allah Ya sa albarka a kiwonmu.