Yadda Iska Take Ɗaukar Muryar Rediyo a Bakin Teku

Hakimai da malamansu sun sha tambayar dalilin da ya sa tashar da ba a ji da rana takan shigo akwati sarai bayan lisha. To, ku sani iskar da ta lulluɓe duniya hawa-hawa take, kamar bene. Akwai wani hawa wajen mil 50 daga ƙasa, wanda hasken rana yake tayarwa, shi ne yake shanye muryar matsakaicin zango. Da rana ta faɗi sai ya watse, muryar ta wuce zuwa hawan da ke bisansa, shi kuwa ya komo da ita ƙasa can nesa. A shekarar 1901 Markoni ya aika da alama daga Ingila, aka ji ta a Niyufanlan, tsakani wajen mil 2,000, tun ba a san da waɗannan hawa ba. Sai a 1924 wani masani Bature, Afiltan, ya tabbatar da su.

Amma abin da ya fi ban mamaki a bakin teku yake, kusa da ruwa ƙwarai. Iskar da ke kwance bisa teku sanyi gare ta da laima. In busasshiyar iska mai ɗumi ta taso daga tudu ta hau kanta, sai su biyun su ƙi garwaya, a sami iyaka tsakaninsu. Muryar FM, wadda bisa al'ada ba ta wuce iyakar ganin ido da yawa, in ta kai wannan iyaka sai ta tanƙwaro, ta bugi ruwa, ta sake tashi. Haka za ta yi ta tafiya kamar ruwa cikin indararo.  A Yunin 2019 kuwa masu sha'awar rediyo a tsibiran Kef Bade sun yi magana da Gwadaluf ta irin wannan hanya, mil 2,400, a zangon da ke maƙwabtaka da na FM.

Hunturunmu ma yana da hannu a ciki, gama idan ya gangara gaɓar teku bisa danshin ruwa yake hawa. Saboda haka in 'yan'uwanmu mazauna Ikko ko Akra suka ce wata baƙuwar tasha ta danne tasu, kada a yi saurin kai akwati wurin mai gyara. A dakata kwana biyu tukuna, iska ta juya.