Zulumin Samari a Finafinan Soyayya na Birnin Kano

Manufar wannan takarda ita ce ta duba irin zulumin da samari da 'yan mata suke shiga a finafinan soyayya na Hausa, da kuma inda wannan zulumi ya samo asali.

Da farko ya kamata a san cewa ba gwamnati ce ta haifi waɗannan finafinai ba, ba kuma wani babban kamfani ba. Ƙungiyoyin wasan kwaikwayo ne suka haɗa 'yan kuɗaɗensu. A shekarar 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo, daga baya kasuwar Ƙofar Wambai ta zama matattarar dillalan kaset. Tun da masu shiryawa matasa ne, masu saye ma matasa, ba abin mamaki ba ne da soyayya ta zama babban jigo.

A finafinan soyayya da raha na Amurka, sau da yawa saurayi da zuciyarsa yake kokawa, wato bai tabbatar da wadda yake so ba. A nan kuwa ya san abin da yake so sarai. Abin da bai sani ba shi ne ko za a ba shi. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, wanda aka mayar fim a 1994, kyakkyawan misali ne. Sumayya 'yar masu hali ce, Muhammad talaka, har ya yi ta ja da baya don ya san matsayinsa. Da aka matsa mata ta auri attajiri Abdulƙadir, sai ta faɗa rijiya. Haka kuma a Sangaya na 1999, tazarar da ke tsakanin ɗan sarki da mai aikatau a fada ita ce ƙashin bayan labarin.

Wannan ya yi daidai da zaman cikin birni, inda zance a zaure ake yin sa, aure kuwa sai da yardar magabata da lefe da sadaki. Kunya ta hana masoya faɗin komai a fili, saboda haka waƙa ta ɗauke musu wannan nauyi. Raha kuma takan fito ne ta bakin waɗanda al'ada ta ba damar wasa, kamar kaka da jika ko taubasai.

A taƙaice, mai nazarin waɗannan finafinai kada ya tsaya ga masoyan kaɗai. Ya dubi wanda ke da ikon bayar da aure, domin a hannunsa labarin yake juyawa.