In danja ta tsayar da kai

'Ya'yana, ku da kuka fara riƙe sitiyari a Abuja, ina da 'yar magana a kan minti ɗayan nan da danja take tsayar da ku.

Ku lura da layin motoci a titin Ahmadu Bello da yamma, lokacin tashi daga aiki. Ja na kawowa sai kawuna su sunkuya. Wannan yana WhatsApp, wancan yana duba ko kuɗi sun shigo, wata tana gyara ɗankwali a madubi, mai tasi kuma ya zuro kai ta taga yana cinikin caja da ɗan talla. Kowa gani yake ai mota a tsaye take.

Tsayuwar ba ta cika cin mutum ba, tashin ne abin tsoro. Kore ta kawo, na gaba bai gani ba, na baya ya danna masa hon. A firgice zai ɗago ya taka totur don kunya, bai dubi dama ba bai dubi hagu ba. Alhali ga dattijuwa ba ta gama tsallakawa ba, ga kuma wani ya taho a guje daga gefe yana tseren kada ja ta kama shi. Irinsa ba su da wuyar samu a garin nan, don faɗin titi da santsin kwalta suna sa ƙafa nauyi.

Kada ku ce kun ajiye wayar kafin ku tashi. Ido yana riga hankali dawowa kan hanya. A 2015 masu bincike a Jami'ar Utah ta Amurka sun gano cewa direban da ya ba waya umarni da baki, hannunsa bai ma taɓa ta ba, hankalinsa kan kai daƙiƙa 27 bai gama dawowa ba. Motar da ke gudun kilomita 60 a awa kuwa tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Ku yi lissafin da kanku.

Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, ta taɓa gajiya da yankan tara kawai. A 2017 ta fara tura waɗanda ta kama da waya a hannu, ko sun keta danja, asibiti a duba lafiyar ƙwaƙwalwarsu. An sha dariya a lokacin, ni ma na yi, amma ba na so a ce ɗana ne a layin likitan.

To, ɗana, in taswira kake bi, saita ta tun a ƙofar gida. In kira ya matsa, haye mahaɗar, ka sami gefe ka tsaya, Hajiya ba za ta yi fushi don ka jinkirta minti biyu ba. Waya a hannu da gilashi a sauke ma gayyatar masu fizge ce. Kore ta kawo, dubi ɓangarorin biyu tukuna. In kai ne a baya, ɗan taɓa hon sau ɗaya ya isa, kada ka zabura bawan Allah ya afka wa wani.

Ranar da wuta ta ɗauke danja ta mutu, hannun ɗan sandan da ke tsakiyar titi shi ne ja, shi ne kore. Shi kuma ba ya jiran wanda kansa ke sunkuye, yana juya baya ya saki ɗaya layin.