KIWON TARWAƊA A CIKIN GIDA DA RUWA KAƊAN

Ya kai manomi, wannan takarda za ta nuna maka yadda za ka yi kiwon tarwaɗa a tanki cikin gidanka, da yadda za ka riƙa tace ruwan kana mai da shi, don kada ɗiban ruwa ya gajiyar da kai da iyalinka. An rubuta ta ne musamman domin manoman ƙasar Anka, da Gummi, da Bukkuyum.

Ka dai san halin da ake ciki. Gonar da ke nesa da gari ba kullum ake iya zuwa ba saboda rashin tsaro. Wanda kuma ya haƙa tafkin kifi a bakin gulbin Zamfara, ambaliya irin wadda aka yi a Gummi a watan Agusta na 2024 tana iya kwashe masa kifin a dare ɗaya. Tanki kuwa yana bayan ɗakinka, kana ganinsa safe da yamma.

DABARAR JUYA RUWA

A manyan gidajen kiwon kifi ba a zubar da ruwan tanki. Ana ja da shi ta cikin matatai, a raba shi da kashin kifi da ragowar abinci, sa'an nan a mai da shi. Masana a jami'ar Wageningen ta ƙasar Holan sun yi bincike mai yawa a kan kiwon tarwaɗarmu ta Afirka a irin wannan tsari. A yau har akwai na'urorin da ake tsomawa cikin ruwa, su auna ɗuminsa da yawan iskar da ke cikinsa, su aika wa mai kifi saƙo a wayarsa ta hannu idan wani abu ya ɓaci.

Da yawa daga cikin waɗannan injuna suna da takardar mallakar ƙirƙira, watau takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙago abu don kada wani ya ƙera irinsa ya sayar ba da izninsa ba, har shekara 20. Suna da tsada, suna kuma son wutar lantarki ba yankewa. Kada ka sa ranka a kansu. Ita dabarar tace ruwa ba mallakar kowa ba ce, da duro da tsakuwa za ka yi taka.

Abin da ya sa aka zaɓi tarwaɗa shi ne tana da wata gaɓa a bayan kanta da take shaƙar iska da ita daga saman ruwa. Saboda haka tana jure cunkoso fiye da karfasa.

INDA ZA KA SAMO RUWA

Wannan sashe shi ne mafi muhimmanci ga mutumin ƙasarmu. Ka karanta shi da kyau, ka kuma karanta wa maƙwabcinka.

A shekarar 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a wannan yanki. Garuruwan da abin ya fi shafa su ne Dareta, Abare, Sunke, Tungar Daji, Duza da Bagega a ƙasar Anka, da 'Yargalma da Tungar Guru a ƙasar Bukkuyum. Dalilin shi ne dutsen zinariya da ake kawowa cikin gari ana niƙawa ana wankewa yana ɗauke da dalma. Ƙurarsa ta zauna a tsakar gidaje, ruwan wankinsa ya gangara cikin kududdufai. An kwashe gurɓatacciyar ƙasa a garuruwan nan, na Bagega a 2013, amma duk inda aka koma sarrafa dutse, guba ta koma.

Dalma ba ta da wari, ba ta canza launin ruwa. Tafasa ruwa ba ya fitar da ita. Matatar da za mu koya maka ma ba ta fitar da ita. Kifin da ya zauna a ruwa mai dalma yana tara ta a jikinsa, wanda ya ci kifin kuwa ya ci gubar, yara da mata masu ciki su ne ta fi yi wa illa. Saboda haka:

1. Kada ka ɗebi ruwa daga kududdufi ko rijiyar da aka taɓa wanke dutsen zinariya a kusa da ita. Ka yi amfani da ruwan rijiyar burtsatse, ko rijiya mai marfi wadda mutane ke sha.
2. Kada ka kafa tanki a gidan da aka taɓa niƙa dutse.
3. Kada ka kwaso tsakuwar matata daga wurin haƙar ma'adinai, ko da ta fi kusa, ko da kyauta ce.
4. Kada ka kai abincin kifi niƙa a injin da ke niƙa dutse. Buhu ko duro ko kwanon da ya taɓa aikin zinariya, ka bar shi can.

Idan kana shakkar ruwan rijiyarka, ka tambayi ma'aikatan lafiya inda ake auna ruwa tun ba ka sayi 'ya'yan kifi ba.

TANKI

Mai farawa ya fara da ƙarami. Tanki mai tsawon ƙafa 10, da faɗin ƙafa 6, da tsayin ƙafa 4 ya isa. Ruwa ya tsaya a ƙafa 3, don tarwaɗa tana tsalle. Wannan ruwa ya kai kimanin lita 5,000, watau duro 25 na mai lita 200.

Za ka iya gina shi da bulo da siminti, ko ka sayi na tamfol wanda ake ɗaurawa a jikin katako ko ƙarfe. Na tamfol ya fi araha, kuma ana iya naɗe shi a tashi da shi idan tashi ta kama. Ƙasan tanki ya ɗan gangara zuwa kusurwa ɗaya, a nan za ka sa bututun fitar da ruwa, don ƙazanta can take taruwa.

In na siminti ne, to, kada ka yi gaggawa. Sabon siminti yana da kaifi, yana kashe kifi. Ka cika shi da ruwa ka bar shi mako ɗaya, ka zubar, ka goge bangon da kyau, ka sake cikawa ka bar shi wani makon, ka sake zubarwa. Sa'an nan ka zuba ruwan da kifi zai zauna.

Ka yi masa rumfa ta zana ko kara, domin ranar Maris zuwa Mayu tana dafa ruwa. Ka shimfiɗa raga a sama saboda tsuntsaye da guza. Ragar ta yi ƙarfi, ka kuma kewaye wurin, saboda ruwan ƙafa 3 ya isa ya cinye ƙaramin yaro.

MATATA

Kashin kifi da ragowar abinci suna sakin wata guba da ake kira amoniya, ita ce ke sa ruwa ya yi zarni. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani, waɗanda ke manne wa jikin tsakuwa suna cin amoniyar suna mai da ita abin da ba ya cutar da kifi sosai. Aikinka shi ne ka yi musu masauki.

Ka nemi duro 4 na roba masu tsabta, waɗanda ba a taɓa zuba maganin ƙwari ko na ciyawa a ciki ba. Na farko a bar shi wayam, ruwan tanki ya shiga a hankali, datti ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya wuce. Ka yi masa mafita a gindi, ka riƙa buɗewa kowace safiya dattin ya fita. Sauran 3 a cika su da wankakkiyar tsakuwa mai girman ƙwallon dabino, ko marafan kwalaben roba, ko tsohuwar koma. Daga na ƙarshe ƙaramin famfo mai aiki da hasken rana zai tura ruwan ya koma tanki. Ka sa ruwan ya zubo daga sama yana fantsama, don ya kwashi iska.

Ƙwayoyin nan sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su yi yawa. Idan tsakuwa ta yi santsi, sun zauna ke nan. Kada ka wanke ta da sabulu, kada ka shanya ta a rana. In ta toshe, ka ɗauraye ta da ruwan tankin kawai.

A nan za mu gaya maka gaskiya. Wannan matata ba ta raba ka da canjin ruwa ba, sauƙaƙa maka ta yi. Wanda ba shi da matata, idan kifi ya tasa, sai ya canza rabin ruwa kullum ko bayan kwana biyu, duro 12 ke nan. Mai matata, a watanni 3 na farko duro 2 ko 3 a rana sun ishe shi. Daga nan kifi ya yi nauyi, cinsa ya ƙaru, kashinsa ya ƙaru, tilas ka ƙara yawan ruwan da kake canzawa, ko ka ƙara duron tsakuwa.

Ruwan da ka fitar kada ya tafi a banza. Taki ne. Ka ja shi zuwa kwamin alayyafo, ko rama, ko kuɓewa, ko gindin zogale.

ZUBA 'YA'YAN KIFI

Tanki mai wannan girma a zuba masa 'ya'yan kifi 250, ba ƙari. Za ka ji wasu suna cewa ai zai ɗauki 1,000. Zai ɗauka, a inda famfo ba ya tsayawa. Kai kuwa naka na iya tsayawa yau da dare, kwaɗayi kuma mabuɗin wahala ne.

Ka sayi masu tsawon ɗan yatsa ko fiye, masu kai ɗaya, masu kuzari, daga wurin mai ƙyanƙyasa da aka sani. Malamin gona zai iya nuna maka. A ɗauko su da sassafe ko da yamma. Da ka iso, ka ɗora jarkar a kan ruwan tanki kamar minti 20, ka riƙa zuba mata ruwan tankin kaɗan-kaɗan, sa'an nan ka karkata ta su fita da kansu. Kada ka ba su abinci sai washegari.

Tarwaɗa tana cin 'yar'uwarta. Duk bayan mako 2, a watanni 2 na farko, ka kwashe su da safe ka ware waɗanda suka yi wa saura fintinkau, ka sa su a wani mazubi dabam. Wanda ya yi sakaci da wannan yakan zuba 250 ya kwashe 100, ya ce an yi masa sata.

Lokacin da ya fi kyau a zuba shi ne bayan sanyi ya wuce. Tarwaɗa ta fi girma idan ɗumin ruwa yana tsakanin digiri 26 da 30. Da hunturu cinta yana raguwa, girmanta ya tsaya. In sanyi ya same ka da kifi, ka rufe tanki da dare, ka jinkirta abincin safe sai rana ta ɗaga.

ABINCI

Abinci shi ke cinye fiye da rabin kuɗin kiwo. Ka yi lissafinsa tun kafin ka fara. Misali, idan kifi 220 suka rayu, kowanne ya kai giram 800 cikin wata 5 zuwa 6, ka sami kilo 176. Wannan zai ci maka abinci mai kyau kimanin kilo 210 zuwa 260, watau buhu 14 zuwa 17 na mai kilo 15. Ka je kasuwa ka ji kuɗin buhu da kuɗin kilon kifi, ka buga. In kuɗin buhu 17 ya fi ƙarfinka, ka rage yawan kifi. Kifi 100 ƙosassu sun fi 250 ramammu.

A watanni 2 na farko ka ba su abincin kamfani mai ƙananan ƙwayoyi, sau 3 a rana. Bayan haka sau 2 ya isa, kuma za ka iya haɗa naka da garin kifi, da ƙuliƙuli, da waken suya, da dusa. Waken suya sai an soya shi, ɗanyensa yana hana kifi girma. Dusa zalla kuwa ba ta gina tarwaɗa.

Ka watsa kaɗan-kaɗan kana tsaye kana kallo. Da ka ga sun rage rububi, ka tsaya. Abin da ya nutse bai zama nama ba, ya zama amoniya.

ALAMUN DA ZA KA LURA DA SU

Ba ka da na'urar da za ta buga maka waya, amma kana da ido da hanci. Idan ruwa ya yi wari ko kumfa, ko kifi suka tsaya a tsaye a saman ruwa gemu a waje ba sa motsi, ko suka ƙi abinci, to, ruwa ya ɓaci. Ka tsai da abinci nan take, ka canza rabin ruwa. Sau da yawa wannan kaɗai ya isa. Wanda ya mutu ka cire shi ka binne. In ka ga gyambo a jikinsu ko kumburin ciki, ka kira malamin dabbobi. Kada ka fasa kafso na mutane ka zuba a tanki, ɓarnar kuɗi ce, kuma yana kashe ƙwayoyin matatarka.

SAYARWA

Wata guda kafin kwasa, ka fara neman mai saye. Wayar hannu tana da amfani a nan: ka kira masu gasa kifi da masu gidajen abinci a Anka da Gummi, har Gusau, ka ji farashi kafin ka yi ciniki. Ka daina ba kifi abinci kwana ɗaya kafin a kwashe, don kada su ɓata ruwan da za a ɗauke su a ciki.

Amma ka tuna da watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da fetur a jarka. A irin wannan lokaci mai saye ba ya samuwa, mai famfon fetur kuma famfonsa ya tsaya, ga kifin da ya isa sayarwa yana ta cin abinci. Saboda haka ka tanadi wurin yin banda tun da wuri. Rabin duro na ƙarfe da waya a kai ya wadatar. A fasa cikin kifi, a wanke, a sa gishiri, a naɗe shi, a ƙyafe da wuta marar ƙarfi har ya bushe ƙayau. A ajiye shi a kwando inda iska ke shiga, a riƙa mai da shi kan hayaƙi duk bayan 'yan kwanaki, musamman da damina.