Yadda Ake Rufe Bakin Bargon Ƙyallaye da Keken Wibin

Bargon ƙyallaye hawa uku ne: fuskar da aka harhaɗa, auduga a tsakiya, sai yadin baya. Komai kyan fuskar, baki ne ke fara lalacewa, domin shi ake ja da hannu, shi ke gogar ƙasa. Keken wibin yana taimakawa sosai a nan, saboda a tafiya ɗaya yake datse rarar, ya danne hawa ukun, ya nannaɗe su da zare.

Bayan an gama ɗinke hawa ukun, a shimfiɗa bargon a daidaita gefunansa, a bi su da wibin sau ɗaya. A sa zare huɗu da allura biyu, ɗinkin ya fi ƙarfi.

Sai yadin baki. A yanka shi da faɗin inci 2 da rabi, tsawonsa kuwa kewayen bargon da ƙarin kamar inci 12. A haɗa gutattakin a karkace don kada mahaɗin ya yi tudu, a ninka biyu ta tsawo, a goge. A ɗora shi a kan fuskar bargon, buɗaɗɗen gefensa daidai da bakin bargon, a fara daga tsakiyar gefe, a bar jela kamar inci 8 ba a ɗinka ba. Kada a kuskura a sa fil. Wuƙar keken na haɗuwa da shi za ta dakushe ko ta karye. Maƙalan roba sun wadatar.

Kusurwa ce wurin da ake kuka. Wuƙar tana gaban allura, don haka tana isa yadi kafin ɗinki ya isa, kuma abin da ta yanke ba ya dawowa. Idan saura kwatan inci a kai kusurwa, a tsaya, a ɗaga allura da ƙafar keken, a zare bargon a hankali. A ninka yadin bakin zuwa sama ya yi karkata, a dawo da shi ƙasa ya bi sabon gefen, sannan a ci gaba daga can ƙarshen. A ganina, gara a kawar da wuƙar gaba ɗaya a wannan zagaye, tunda an riga an datse rarar tun farko. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna, ya zagaye kusurwoyin da bakin faranti ya yanka yadinsa bayas. Zai bi lanƙwasar ba gardama.

Idan an zagayo, a bar wata jelar a ƙarshe. Jelolin biyu da keken ɗinki na yau da kullum ake haɗa su, sannan a ƙarasa gurbin da wibin.

Akwai wani zare mai narkewa da zafin guga. Idan aka samu, a sa shi a ƙugiyar ƙasa ta keken kafin a fara ɗinka yadin bakin, domin zarenta ne ke kwanciya a bayan bargon. Da an juya yadin bakin zuwa baya an danna da dutsen guga, sai ya manne. Amma mannewar ta riƙo ce kawai, ba za ta jure wanki ba. Dole a bi da ɗinki, ko da hannu ta baya, ko da keke ta fuska, allura na faɗawa daidai cikin layin mahaɗi don ta kamo kalmasar da ke ƙasa.